Tsakuwar da Ba Ta Ciwo

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a kasuwar birnin Zariya ya ga yadda yake lallaɓa madaciya. Zai ɗaga hanta, ya sa bakin wuƙa a hankali ya cire 'yar jakar nan mai ruwa kore-kore, don idan ta fashe ɗaci ya ɓata nama. Jefi-jefi akan tarar da tsakuwa a cikinta, alhali san da aka yanka lafiyarsa ƙalau, har jiya yana kiwo.

Mu ma haka muke. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, madaciya ta adana shi don narkar da maiƙo. Idan ruwan ya yi kauri sai ya dunƙule. A Turai da Amurka kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na manya suna ɗauke da irin wannan tsakuwa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu ba su san da ita ba. Mata sun fi samunta, musamman masu ƙiba da waɗanda suka yi haihuwa da yawa.

Yanzu da hoton ciki ya wadata, daga Tudun Wada har asibitin koyarwa na Shika, sai mace ta je duba juna biyu ta dawo da takarda an rubuta mata tsakuwa. Gida ya rikice, wannan ya ce tiyata, wancan ya kawo jarkar jiƙo wai yana narkar da dutse. Abin yana damuna, domin kuɗi da kwanciyar hankali ake asara a kan abin da likitoci galibi ke cewa a ƙyale shi. Cikin masu tsakuwar da ba ta ciwo, 'yan kaɗan ne take tasar wa a shekara.

Ranar da za ta motsa kuwa ba ta ɓuya. Ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sau da yawa bayan an ci maiƙo, yana harbawa baya ko kafaɗa. Idan zazzaɓi ya biyo, ko ido ya yi shawara, to asibiti a ranar, ba a kwana.

Masu sikila lamarinsu daban ne. Jininsu na saurin lalacewa, don haka tsakuwar kan same su tun suna yara, kuma ciwonta kan yi kama da ciwon da suka saba. Su kam likitansu ne zai ce a cire ko a jira.