Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Tsokaci a kan Neman Rage Kuɗin Ciyarwa Bayan Saki

Idan aure ya mutu, ba a binne shi da dukkan kayansa. Yakan bar cikin da zai ci, da jikin da zai sa tufa, da ɗakin da za a biya wa haya. Dalili ke nan da kotu kan yanka wa miji abin da zai riƙa bayarwa bayan rabuwa. To, tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ita ce: shin laifi ne mutum ya koma gaban alƙali ya nemi a rage masa?

Kafanchan gari ne da ya dace da wannan tambaya, domin tun da ya zama mahaɗar layin dogo a 1927 ya tara jama'a masu addini da al'ada daban-daban. A 2001 kuwa Jihar Kaduna ta kafa kotunan Shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya, ga kuma Babbar Kotu mai duba auren rajista. A mazhabar Malikiyya, matar da aka yi wa sakin kome tana da haƙƙin ci da sha da wurin kwana har ta gama idda, mai ciki kuma har ta haihu, sannan ciyar da 'ya'ya yana wuyan uba ko da suna hannun uwarsu. Ita ma dokar aure ta 1970 ta ba Babbar Kotu ikon yanka kuɗin kula, da ikon ƙarawa ko ragewa idan hali ya sauya. Ashe ke nan duka biyun sun yarda cewa ƙarfin mutum ake dubawa, kuma wannan ma'auni ne aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta kafa.

Mu ɗauki misalin manomin citta, wadda ita ce jarin mutanen kudancin Kaduna. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a ƙasar Kachia da Jaba da Kagarko, ta ruɓar da ita tun tana ƙasa. A shekarar ne kuma aka janye tallafin man fetur, farashin komai ya tashi. Manomin da aka yanka wa kuɗi lokacin da rumbunsa ke cike, idan ya zo ya ce ba zai iya ba, gaskiya ya faɗa, kuma zalunci ne a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Sai dai akwai abin da mai neman ragi yakan manta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: tsadar da ta same shi ta sami tsohuwar matarsa, domin kasuwa ɗaya suke ci. Alƙali yana iya rage kuɗi a takarda, amma ba shi da ikon rage yunwar yaro ko kuɗin makarantarsa. Duk nairar da aka ɗauke daga wuyan uba, a kan uwa za ta sauka, ko a kan tsofaffin iyayenta, ko a kan yarinyar da za a ɗora wa farantin talla a tasha.

Saboda haka, a ganina, mutum ya yi wa kansa tambaya biyu kafin ya taka ƙofar kotu. Ta farko, shin ya bayyana dukkan samunsa, ko kuwa ya ɓoye wani abu domin ya huce haushi? Ta biyu, shin ragin ya fara daga kansa? Wanda ya ce ba shi da kuɗin abincin 'ya'yansa, alhali yana haɗa lefen amarya, ya san ba talauci ne ya kai shi kotu ba. Amma wanda ya rage tuwonsa, ya raba rashin daidai tsakanin 'ya'yan da ke gabansa da waɗanda ke hannun uwarsu, kuma ya ƙudurta mayar da abin yadda yake da zarar gona ta yi kyau, wannan ya nemi haƙƙinsa da mutunci.

Ya kai mai karatu, alƙali da shaida yake aiki, bai san abin da ke ƙarƙashin katifa ba. Mai ƙara ne kaɗai ya san ko kukan rashi yake yi ko na ramuwa. Allah ya ba mu ikon yin adalci ko da a kan kanmu ne, amin.