Ko Dubawa Rashin Yarda Ne?

Shekaru da dama hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abar tsoro saboda 'yan bindiga na dajin Kamuku da kewayensa, mutanen ƙauyuka suka sha wuya, waɗansu masu motoci kuwa suka jingine su a gindin itace. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. To, mai tsohuwar mota ya ɗauko makulli. Me ya kamata ya fara yi?

Mai gaggawa ya kan sa sabon batir ya murza. Makaniki na kirki ba ya haka. Ya san baƙin mai ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, ya bar ƙarfe a bushe, man tanki ya lalace, watakila ɓera ya ci wayoyi, zanzaro ya yi gini a salansa. Sai ya zubar da tsohon mai, ya kwance filogi, ya ɗiga mai kaɗan a kan fistin, ya bari ya kwana. Kashegari ya sa sifana ya juya injin da hannu, sannu sannu, yana saurare. In ya ji ya cije, ba ya tilasta masa, gama ringin da tsatsa ta kama, in aka matsa, karyewa ya ke yi.

Haka sha'anin ya ke tsakanin manomi da makiyayi da suka sake haɗuwa a kasuwa. Wani zai ce, in an yafe an yafe, bincike kuma na mene ne? Ai wanda ka ke dubawa ba ka yarda da shi ba ke nan. Maganar tana da ƙarfi, gama zato zunubi ne, kuma mutum ba ƙarfe ba ne, yana jin ciwo in an sa masa ido.

Amma ku lura, jama'a, motar da aka fid da rai da ita ba a dubanta, 'yan gwangwan a ke kira su auna ta. Wanda ya ɓata kwana biyu yana ɗiga mai, so ya ke ta yi tafiya. Saboda haka in maƙwabcinka na da ya fara ba ka bashin mudu biyu maimakon buhun da ya saba, kada ka ce ya raina ka. Karɓi, ka biya ran kasuwa, ka ga abin da zai auna maka mako mai zuwa.