Wanda Ya Ɗora Inji, Shi Ke da Lamuni

A Kanada da arewacin Amurka akwai masu cire inji daga babur ɗin ƙanƙara, irin Ski-Doo da kamfanin Bombardier ya fara sayarwa a 1959, su ɗora shi a kan bututun ƙarfe da suka yi wa walda da hannunsu, su sami 'yar motar ratsa daji. Mutumin Zongon Kumasi ba zai yi mamaki ba. Daga Aboabo ko Asawase zuwa Suame Magazine, kasuwar makanikai, ba nisa, kuma can an daɗe ana sa wa wata mota injin wata. A 2013 ma, masu sana'ar Suame da ƙungiyarsu SMIDO, tare da Melle Smets ɗan ƙasar Holan, sun haɗa motar da suka kira SMATI Turtle daga kayan kasuwar, har aka kai ta Turai. To, wannan ƙira ce, ko faci?

Masu raina aikin suna cewa faci ne, tunda inji na wani, giya ta wani, masta bai ƙago komai ba. Amma ɗalibin tauhidi ya san samar da abu daga babu na Allah ne Shi kaɗai. Abin da aka bar wa ɗan Adam shi ne haɗawa da rabawa, ko a babban kamfani ko a rumfar kwano. Joseph-Armand Bombardier da kansa, yana ɗan shekara 15, injin tsohuwar Ford ya ɗora wa abin hawan ƙanƙararsa na farko, daga baya kamfaninsa ya dogara da injinan Rotax na Ostiriya har ya sayi masana'antar a 1970. Kuma haɗin ba ya yiwuwa sai da ilimi. Yawancin injinan ƙanƙara ba su da matacin iska na kirki, domin babu ƙura inda aka yi su, da yawansu kuma ƙanƙarar da suke watsawa ce ke sanyaya musu ruwa. Wanda zai sa irin wannan inji a jar ƙasa, cikin ƙurar hunturu, sai ya nema masa lagireto da mataci, ya sake lissafin nauyi da birki. Wanda ya iya haka ya fahimci injin, ba kwaikwayo yake ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta rai. Kamfani yana gwada mota kafin ya sake ta, amma wa ya gwada motar ɗaukar kaya da aka jera wa kujeru ta zama trotro, motar haya ta fasinja? Nan ne nake ganin mun yi sake, kuma addini bai bar mana mafaka ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Dawuda, wanda aka tausasa wa ƙarfe, kuma tare da baiwar aka umarce shi ya daidaita awon zoben sulke. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Zongo, ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su. Hukuncin a kan dukiya yake, gaskiya ne, amma idan tela zai biya yadin da ya ɓace a hannunsa, ina ga wanda aka danƙa wa rayukan fasinjoji? Wani zai ce haɗari ƙaddara ce. Ƙaddara ce, sai dai ba ta taɓa sauke wa mai sakaci diyya ba a fiƙihun Malikiyya. Mastan da ya ɗora inji mai ƙarfi ya bar tsohon birki ya riga ya san abin da gangara za ta yi da motar, kuma yaransa suna kallo, suna koyon cewa haka ake aiki.