Wane Ne a Tsakiyar Aji, Yaro ko Na'ura?

Akwai maganganu biyu da ake yawan ji a yau duk inda aka zauna kan sha'anin makarantun firamare. Ta farko ita ce a mai da yaro cibiyar koyarwa, wato a rage tsohon salon nan da malami ke tsayawa gaban allo yana faɗa, yara suna amsawa baki ɗaya. Ta biyu kuwa ita ce a shigo da na'urori cikin aji, su kwamfuta da waya da intanet. Sau da yawa akan haɗa maganganun nan wuri guda, sai ka ce wanda ya sayi na'ura ya riga ya cika burin farko. Saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu: in an ajiye kwamfuta gaban yaro, shi ne ya zama cibiya, ko kuwa kwamfutar?

Tunanin sa yaro a tsakiya ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ran 6 ga Janairu 1907, wata likita 'yar Italiya mai suna Maria Montessori ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Roma. Yaran ƙanana ne, 'ya'yan ma'aikata, waɗanda iyayensu ke barinsu su tafi neman abinci. Ta sa aka ƙera tebura da kujeru daidai tsawonsu, marasa nauyi, yadda yaro zai iya ɗauka da kansa. Ta yanka haruffa daga takarda mai kaushi domin yaro ya bi su da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. Amma babban abin da ta nema daga malami shi ne lura: ya zuba ido ya ga abin da wannan yaro ya iya, da inda ya tsaya, da abin da yake shirye ya koya. Tushen al'amarin ke nan. Yaro yana zama cibiya ne sa'ad da wani babba ya san shi.

Bayan kusan shekara ɗari, a 2005, Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya kafa shirin ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta tasa, da begen cewa yaran ƙasashe matalauta za su koya da kansu. Niyyar mai kyau ce. Ƙasar Peru ta rungumi shirin, ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci. A 2012 masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a makarantun firamare 319 na karkara. Bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa na'urar, an kuma ga ɗan ci gaba a kaifin tunaninsu. Amma a lissafi da karatu, ba su fi takwarorinsu da ba a ba su kome ba. An canja abin da ke kan tebur, yadda ake koyarwa kuwa yana nan yadda yake.

Wannan darasi yana da nauyi, gama matsalar ba ƙarama ba ce. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi ba. Da yawansu suna zuwa makaranta kullum, suna hawa aji zuwa aji, ba wanda ya gane an bar su a baya. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta bi wata hanya mai sauƙi. Malami yakan zauna da yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, ya gwada ko ya san haruffa, ko kalmomi, ko yana iya karanta labari. Sa'an nan a raba yaran bisa ga matsayinsu, ba bisa ga shekarunsu ba, a fara da kowa daga inda ya tsaya. Alli da takarda sun isa wannan aiki, bincike kuma ya nuna yara suna koyon karatu ta wannan hanya.

Kada a ɗauka muna gaba da na'ura. Yaron da ba ya gani, wanda na'ura ke karanta masa littafi da murya, ya sami ƙofar da dā take rufe. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, darussan rediyo da talabijin sun taimaki yara a jihohinmu na Arewa. Kayan aiki a hannun gwani albarka ne. Amma fartanya ba ta noma ita kaɗai. Ko ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen sa na'urori a aji, a 2023 ta sake ba littattafan takarda muhimmanci ga ƙananan yara.

A nan ne maganar ta zama ta lamiri. Na'ura tana iya ƙirga amsoshin da yaro ya ci da waɗanda ya faɗi. Ba za ta san cewa bai karya kumallo ba, ko cewa yana jin kunyar ɗaga hannu domin an taɓa yi masa dariya. Ba ta yin haƙuri, gama haƙuri halin mai rai ne, kuma daga mai rai yaro ke koyonsa. Gaskiya, riƙon amana, da girmama na gaba, duka ana ɗaukarsu ne daga mutumin da ake gani yana aikata su. Kowane yaro halittar Allah ne mai daraja, amana ne a hannunmu. In muka miƙa shi ga na'ura domin mu huta da wahalarsa, muka kuma kira wannan 'yanci, to, mun yashe shi ne da suna mai daɗi.

Majalisar Vatican ta Biyu, a sanarwarta ta 1965 kan tarbiyya, ta tuna mana cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu. Don haka idan aka kawo zancen sayen kwamfutoci a taron iyaye da malamai, kada mu yi shiru. Mu tambaya: yara nawa ne a aji ɗaya? An horar da malamin, ana kuma biyansa a kan kari? Akwai wuta, akwai mai gyara in na'urar ta lalace? Kowane yaro yana da littafi da wurin zama? In amsoshin sun gamsar, a saya da farin ciki. In ba haka ba, a fara da abin da ya fi gaggawa.

Ku malamai, ku san sunan kowane yaro da inda ya tsaya a karatunsa. Ku iyaye, a daren yau ku kira ɗanku ko 'yarku, ku buɗe littafi, ku ce ya karanta muku layi biyar, ku saurara da haƙuri. Allah ya ba mu hikimar riƙon wannan amana.