HAWAYEN FILIN WASA DA HAWAYEN MASALLACI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk bayan Sallah, ƙarama ko babba, in ka buɗe Facebook ko TikTok ba ka rasa cin karo da bidiyon wasan mawaƙa. Fili ya cika maƙil, fitilu na walƙiya, lasifika na girgiza ƙasa, matasa sun ɗaga wayoyi sama suna karɓar amshi da murya ɗaya. A cikinsu har da yaranmu na Boɗinga da Shagari da Yabo, waɗanda suka haɗa kuɗin mota tun da la'asar suka nufi Sakkwato, wasu kuma bisa babur, goyon biyu-biyu.

Sai ka sauka ƙasa ka karanta sharhi. Wannan ya ce da mawaƙin ya fito sai da tsikar jikinsa ta tashi. Waccan ta ce ba ta san sadda hawaye suka zubo mata ba. Wani ya ce awa uku cur ya manta da duk wata damuwa tasa. Wani ma cewa ya yi ya ji kamar ba a duniya yake ba.

Abin da ya fi mana sauƙi, mu masu hawa mumbari, shi ne mu ce "A'uzu billahi, yaran zamani sun lalace," mu wuce. Amma faɗin haka bai amsa komai ba. Yaran nan ba ƙarya suke yi ba, sun ji abin da suka ce sun ji. To mene ne wannan abin? Kuma in mutum ya ji abu har cikin ɓargonsa, hakan ya isa hujjar cewa abin alheri ne gare shi?

Mu fara da gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa a wajen wasunmu: Allah ne ya halicci zuciyar ɗan Adam tana motsawa da murya mai daɗi. Jariri da bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba yana yin shiru in uwarsa ta rera masa waƙar reno. Iyayenmu sun san yadda kiɗan gayya yake sa manomi ya ƙare kunyar da shi kaɗai sai ya wuni a kanta. Dattawan ƙasar nan har yau suna ba da labarin yadda muryar Ɗan Anace take sa ɗan dambe ya manta da ciwo. Ko dabba ba ta tsira ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Anjasha yana rera wa raƙuma waƙar tafiya suna ƙara sauri, har Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi da ya sassauta saboda matan da ke bisansu. Haka kuma ya yabi muryar Abu Musal Ash'ari wajen karatu, ya kwatanta ta da irin baiwar da aka yi wa Annabi Dawuda, alaihis salam.

Ga wani abin lura daga maƙwabtanmu. A Nijar akwai Buzaye masu kiɗa da jita mai lantarki, irin kiɗan nan mai ƙara da Turawa ke kira rok, kamar Bombino ɗan Agadas da Mdou Moctar ɗan yankin Tawa. Suna zuwa Amurka da Turai su cika zaure. Mafi yawan waƙoƙinsu da Buzanci suke, kuma akasarin Turawan da ke tsalle a gabansu ba su jin ko kalma guda. Duk da haka in an tashi, abin da suke faɗa bai da bambanci da na yaranmu: jiki ya yi yarr, an manta da duniya. Ka ga ke nan shauƙi yana iya tashi ba tare da an fahimci komai ba. Abin da kuwa ba ya buƙatar fahimta kafin ya taso, ba zai zama alƙalin da zai raba maka gaskiya da ƙarya ba.

Na san wani zai ce, "Malam, kai dai gaya mana, halal ne ko haram?" Magana ce da malamai suka daɗe a kanta. Jumhur, har da mazhabobin nan huɗu, sun hana kayan kiɗa in ban da tambari mai fuska ɗaya da ake kira duffi a lokacin biki da Idi, kuma Ibnul Ƙayyim ya tsananta ƙwarai a littafinsa Igasatul Lahfan. Ibnu Hazmin na Andalus kuwa ya tafi a kan halacci. Ba ma sai mun je nesa ba. A wannan ƙasa tamu, Shehu Usmanu ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi yana nan Boɗinga kusa da shi, kuma batun ganguna da kayan kiɗa yana cikin abubuwan da suka saɓa a kai a rubuce. Malam Abdullahi ya fi tsanantawa a Liya'us Sulɗan, Shehu ya kawo sassauci da faɗin saɓanin malamai a Najmul Ikhwan. Wa da ƙani ne, malami da ɗalibinsa, kuma ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini.

Sai dai akwai wurin da babu saɓani ko kaɗan. Ba malamin da ya halatta taron da za a tozarta salla saboda shi, ko a cakuɗa maza da mata jiki na gugar jiki, ko a rera batsa, ko ƙwaya ta riƙa zagayawa hannu zuwa hannu. Duk wanda ya taɓa leƙa irin wuraren nan ya san da wuya a rasa ɗaya daga ciki. Wannan kam a fili yake. Amma yau ba fatawa na zo bayarwa ba, zuciyar ɗan kallon nake son mu leƙa.

Imamul Gazali ya ware babi guda a Ihya'u Ulumid Din a kan sauraro da shauƙin da yake haifarwa. Ma'anar da ya gina babin a kanta ita ce, sauti yana tono abin da ya riga ya kwanta a zuciya ne ya fito da shi fili. Mu da muka tashi da rijiya ba sai an yi mana dogon bayani ba. Guga ba ya ƙirƙirar ruwa. In rijiyar garai take, garai za ka jawo, in laka ce a ƙasa, laka za ta biyo igiya. To da mawaƙi ya zura gugansa a zukatan yaranmu, me ya jawo?

Ni dai ƙishirwa uku nake gani. Ta farko, son a manta. Yaro ya gama sakandare ko ma jami'a yana zaune, kuɗin taki ya fi ƙarfin babansa, aure ya yi masa nisa, kullum kuma labarin 'yan bindiga ne daga gabashin jihar nan. Wanda ya ce ya manta da damuwarsa na awa uku, ai ya gaya maka cewa sauran awa ashirin da ɗaya a cikinta yake. Ta biyu, son a zama cikin jama'a. A gida ba mai tambayar ra'ayinsa, a masallaci sahun baya ne nasa, in ya yi magana a ce yaro ya yi shiru. A filin wasa kuwa muryarsa daidai take da ta kowa. Ta uku, son a yi kuka ba tare da an ji kunya ba. Mun raini 'ya'yanmu maza a kan namiji ba ya hawaye, sai ga duhu da ƙara da taro sun ba shi mafaka, ya zubar da abin da ya shekara yana haɗiyewa.

Babu ɗaya cikin ukun nan da yake zunubi a karan kansa. Buƙatu ne na ɗan Adam. Matsalar tana wajen ruwan da aka kai wa mai ƙishirwar.

To da me za a auna? Da wayewar gari. Ɗan'uwa, in ka dawo daga wasa ƙarfe biyun dare, bari gari ya waye ka yi wa kanka tambaya uku, kai kaɗai, ba malami ba mahaifi. Asuba ta same ni ko ta wuce ni? Damuwar da na manta jiya ta ragu, ko tana nan ta ƙaru da bashin kuɗin tikiti da na mota? Sannan wanda na yi ta kiran sunansa har muryata ta dushe, shi ya san nawa sunan?

Tambaya ta ukun nan ita ta fi ciwo. So jari ne, kuma zuciya ba ta da shi da yawa. Ka zuba shi a kan mutumin da in kun haɗu a hanya 'yan rakiyarsa ne za su ture ka gefe, alhali tsohuwarka tana ɗaki ta kwana ba ta runtsa ba tana sauraren ƙarar babur ɗinka. Ba zagin mawaƙi nake ba, sana'arsa yake yi, shi da Ubangijinsa. Kai nake tambaya. Hadisi ingantacce ya nuna cewa ranar ƙiyama mutum yana tare da wanda ya so. Sahabbai sun yi murna da wannan magana matuƙa, domin sun san wa suke so. Kai in aka ce haka ne, murna za ka yi ko gabanka ne zai faɗi?

Akwai kuma abin da taro yake yi wa hankali. Daɗin taro shi ne ka narke a cikinsa ka daina jin nauyin kanka, kuma haɗarinsa ke nan. A 1979, a birnin Sinsinati na Amurka, mutum 11 suka mutu a turmutsutsun shiga wasan ƙungiyar The Who. A 2000, a Roskilde ta ƙasar Denmak, mutum 9 suka mutu a gaban dandamali ƙungiyar Pearl Jam tana cikin wasa. A 2022, a Kinshasa, mutum 11 suka rasu a wasan Fally Ipupa. Waɗanda suka tattake su ba maƙiyansu ba ne, masoya ne irinsu, kowa yana son ya matsa kusa. Ban kawo wannan don in ce turmutsutsu hujjar haramci ba ne, domin mu Sakkwatawa ba mu manta 'yan'uwanmu da muka rasa a Mina a 2015 ba, Allah ya jiƙansu. Ajali yana riskar mutum a ko'ina. Bambancin yana ga abin da ya fitar da kai daga gida, da kalmar da take bakinka sadda aka zo ɗaukar ranka.

Yanzu bari mu juyo da ma'aunin nan kanmu, mu ma'abota masallaci, don adalci ya cika. A watan azumi alaramma mai jan baƙi yana karya murya, sahu ya ɗauki shessheƙa. Madalla. Amma nawa ne cikin masu kukan suka san abin da ayar take cewa? Nawa ne suka wayi gari suka gyara mudunsu a kasuwa, ko suka mayar wa marayu gonarsu, ko suka biya mai aiki haƙƙinsa? In muryar ce kaɗai ta sa ka kuka, ka fita ka ci gaba da halinka, to ka binciki kanka, ƙila abin da ya same ka bai yi nisa da abin da ya sami Baturen da ke kuka gaban Buzu ba. Ka dubi kuma yadda wasu mabiya malamai suke a intanet: "Malaminmu ya ragargaje su," "Naku bai iya komai ba," zagi har iyaye. Wallahi in ka rufe sunayen, ba za ka bambance su da magoya bayan mawaƙa biyu masu gaba ba. An canja gwani ne kawai, cutar tana nan.

A farkon Suratul Anfal, Allah ya siffanta muminai na gaskiya da raurawar zuciya in an ambace shi, da ƙaruwar imani in an karanta ayoyinsa. Bai tsaya nan ba, nan take ya haɗa da dogaro gare shi, da tsayar da salla, da ciyarwa daga abin da ya azurta su. Motsin zuciya ƙofa ce, aiki shi ne ɗakin. Hawayen da za a amince da su su ne waɗanda suka bar alama a halin mutum bayan sun bushe, a fili aka zubar da su ko a masallaci.

Magabatanmu sun fahimci ƙishirwar nan, ba su tsaya ga tsinuwa ba. Shehu da Malam Abdullahi da Nana Asma'u sun tsara waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa, jajis na 'yan taru suka kai su ƙauyuka, mata suna haddace tauhidi da fiƙihu suna daka. Ko a baya-bayan nan, marigayi Alhaji Shehu Shagari tun yana malamin makaranta ya rubuta Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu ta hanyar rerawa. Sun san kunne ƙofar zuciya ce, sai suka riga ɓarna isa bakin ƙofar.

Mu fa? Liman, yaushe rabon da ka zauna da samarin unguwarku ba don faɗa ba, ka ji abin da ke damunsu? Uba, ɗanka ya taɓa samun fuskar da zai gaya maka yana cikin ƙunci? Masu hali na Boɗinga da Shagari, nawa kuka sa a musabaƙa, ko gasar ƙwallo, ko koyar da sana'a a ranakun Sallah, lokacin da yaran nan suke neman inda za su? In ka hana mai ƙishirwa ruwan kududdufi, to ka nuna masa rijiya.

Kai kuma matashi, ban ce zuciyarka matacciya ce ba. Zuciyar da take iya raurawa har ta zubar da hawaye tana da rai, kuma wannan ni'ima ce da wasu suka rasa. Abu mai tsada ne a ƙirjinka, ka duba wanda kake miƙa wa. Gwada wannan ko sau ɗaya: ka ɗauki sura guda gajera wadda ka haddace tun kana allo, ka nemi ma'anarta da Hausa kalma bayan kalma, sannan ka tashi cikin dare ka yi raka'a biyu da ita, ba waya, ba mai kallonka. Ka gaya wa Allah damuwar nan da kake biyan kuɗi don ka manta da ita. Shi ya san sunanka, ya san na mahaifiyarka, ya san abin da ya hana ka barci. In gari ya waye, ka yi wa kanka tambayoyin nan uku.

Allah ya shiryi matasanmu, ya yaye musu ƙunci, ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasarmu baki ɗaya. Ya sa hawayenmu su zama hujja gare mu ranar da ido zai raina fata. Wallahu a'alam.