Ƙusa Biyu a Bakin Ganga

A ƙarƙashin tsofaffin mashayun Ingila akwai ɗaki mai sanyi da aka haƙa cikin ƙasa, inda ganguna ke kwance bisa katako, kowace ta ba da ciki sama. Wadda aka fi gani tana cin galan 9, wajen lita 41 ke nan. A da da katako ake yin su, yanzu galibinsu ƙarfe ne, amma siffar tana nan yadda take: tsakiya a kumbure, kai da gindi a tsuke. Baki biyu gare ta. Ɗaya yana kan ƙololuwar cikin, ɗayan kuma yana fuskarta, can ƙasa-ƙasa, inda za a buga famfo. Giya ce a ciki.

Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, babu kuma abin da ke cikin gangar nan da zai sassauta shi. Sai dai ƙwayar halittar da ke aiki a cikinta, wato yis, ita ce dai ke tayar da ƙullin burodi da na fanke, kuma ɗabi'ar da Mahalicci ya ba ta ɗaya ce ko'ina ta faɗa. Abin lura a nan shi ne yadda mutum biyu, waɗanda wataƙila ba su taɓa ganin juna ba, suke raba aiki guda a tsakaninsu.

Na farko shi ne mai dafawa. Akan jiƙa sha'ir har ya tsira, a busar, a ɓarza, a tsoma cikin ruwan zafi zaƙinsa ya fito. Sai a tafasa ruwan da furen wani tsiro mai yaɗo mai ɗaci, a bari ya huce, a zuba yis. Cikin 'yan kwanaki yis ya cinye yawancin zaƙin. A nan ne mai dafawa yake ɗage hannu da gangan. Ba ya tacewa, ba ya kashe yis ɗin. Yakan ɗura abin cikin ganga da sauran zaƙi kaɗan da sauran ƙwayoyi masu rai, don su ci gaba da aiki a rufe. Yakan kuma ƙara wani abu da ba kowa zai zata ba. A cikin wasu kifaye akwai jakar iska da ke taimaka musu su taso sama ko su nutse. Ita ake busarwa, a narkar, a zuba ɗan kaɗan a ganga. Aikinta shi ne ta jawo ƙwayoyin yis da ke yawo, ta dunƙule su, su yi nauyi su kwanta. Wa ya fara gane cewa maganin dagulewar ruwan hatsi yana cikin kifi? Ikon Allah ne ya haɗa su tun kafin mutum ya lura.

Daga nan sai a toshe ganga, a ɗora a mota. Abin da ya fita ƙofar kamfani bai gama nuna ba, mai dafawa kuma ya san haka.

Na biyu shi ne mai kula da ɗakin ƙasa. Ganga takan iso hannunsa a dagule, domin hanya ta jijjiga ta. Abu na farko da zai yi mata shi ne ya kwantar da ita a mazauninta, ya tokare ta don kada ta motsa, ya ƙyale ta. Sanyin ɗakin ana so ya tsaya tsakanin digiri 11 zuwa 13. In ya fi haka sanyi, yis ya yi barci. In ya yi ɗumi, aiki ya yi gaggawa, ɗanɗano ya ɓaci. Bayan ta huta sai ya huda bakin sama, ya soka wata 'yar ƙusar itace da ba ta kai tsawon yatsa ba.

Ƙusoshin nan iri biyu ne, a wurinsu kuma gwanintar take. Ta farko mai laushi ce, jikinta duk 'yan ƙananan kafofi, iska na ratsa ta. Ita ake sa wa ganga lokacin da take kan ganiyar tashi, don iskar da yis ke fitarwa ta sami hanya. Wani lokaci har kumfa ke tsattsafowa ta jikin ƙusar, sai mai kula ya share, ya sauya wata. Idan tashin ya lafa, sai ya zare ta ya buga ta biyu, mai tauri, wadda ba ta barin komai ya fita, don sauran iskar ta narke a ciki ta ba abin rai. Babu agogon da zai gaya masa lokacin sauyawa. Wata ganga kwana ɗaya ya ishe ta, wata sai ta ɗauki kwanaki, ko da daga tukunya ɗaya aka ɗura su. Sai ya duba, ya kasa kunne, ya ɗebo kaɗan ya ɗaga sama ya ga ko ya yi garau. In ya yi saurin buga mai tauri, iska ta taru, ranar buga famfo abin ya yi tsiri ya tayar da lakar da ta kwanta. In ya bar mai laushi ta daɗe, komai ya fice, abin ya zama salam.

Akwai kuma wata ƙa'ida. Ganga ba ta ba da abin da ke cikinta muddin ƙusa mai tauri na bakinta. A saman bene akwai famfon hannu, irin wanda Joseph Bramah ya yi wa rajista a 1797, wanda ake ja ya zuƙo daga ƙasa. In an manta ba a sassauta ƙusar ba, sai a yi ta ja abin na turjewa. Saboda haka kowace rana ana zare ta lokacin ciniki, da dare kuma a mayar.

Iskar da ke shiga ta cike gurbin abin da aka ɗiba ita ce kuma ajalin gangar. Daga ranar da aka fara sayarwa, kwana uku ne ƙa'ida. Bayan haka wasu ƙwayoyin dabam sukan karɓi aiki su juya abin zuwa tsami, ya kama hanyar zama khal. Asara ce ga mai mashaya, ko da yake malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khal ta tsarkaka.

To, ga ɗayar hanyar. Bayan Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar cewa halittu masu rai ne ke yin wannan aiki, har ya fitar da littafi a kan giya a 1876, masana'antu sun koyi yadda za su tsayar da shi. A gama komai a kamfani, a tace har ƙwayar yis ta ƙarshe, a ratsa da zafi don kashe abin da ya saura, a ɗura iskar gas daga waje, a rufe cikin tulun ƙarfe mai baki ɗaya wanda iska ba ta shiga. Wannan ba ya son hutu, ba ya son ƙusa, ba ya son kunnen kowa. A jona tiyo a buɗe, shi ke nan. Yakan yi makonni bai sauya ba, abin da aka sha a Landan shi za a sha a Liverpool. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ta nonon da ke kwana a ƙwarya yana sauya ɗanɗano daga safe zuwa yamma, da madarar kwali da ke wata da watanni a kanti.

A shekarun 1960 wannan tulu ya mamaye Birtaniya. Manyan kamfanoni shida ne suka haɗiye ƙanana, suka mallaki dubban mashayu, suka cika su da irin nasu, wanda ya fi suna a ciki shi ne Watneys Red Barrel. A 1971 wasu Ingilishi huɗu da suka je hutu ƙasar Ireland suka kafa ƙungiyar kare tsohuwar hanya, wadda aka sani da CAMRA. Daga baya mambobinta sun haura 100,000, kuma ana danganta tsirar ganga da ƙoƙarinsu.

Amma adalci ya sa a faɗi abin da ya buɗe wa tulu ƙofa. Kwaɗayin riba yana ciki, sai dai ba shi kaɗai ba. Masu kula da ɗakin ƙasa da yawa sun yi sakaci. Wani ba ya wanke tiyo, wani ya bar ganga ta yi mako a buɗe, wani ma yakan tattara ragowar da ta zuba ya mayar ciki. Mai saye ya biya kuɗinsa ya karɓi tsami. Mai dafawa ya yi aikinsa da kyau, wani ya ɓata masa suna a wani gari. Da kamfanoni suka gaji da dogaro da hannun da ba su gani, sai suka ƙera abin da kowane hannu zai iya riƙewa, mai kirki da maras kirki. Sun rabu da lalacewa, tare da ita kuma suka rabu da nunar da ke faruwa a ɗakin ƙasa, domin ƙofa ɗaya su biyun ke shigowa.

Har yau masu sha a can sun rabu. Wani ya fi son mai sanyi ƙarara daga tulu, hujjarsa ita ce bai taɓa ba shi kunya ba. Wani kuma ya yarda ya gamu da maras kyau jefi-jefi, don ranar da ya dace da gwanin mai kula yakan sami abin da masana'anta ba ta iya yi. Kowannensu ya san abin da yake gudu.

Ɗan Adam ma a haka yake barin hannun da ya fara shi. Uwa da uba sukan yi iyakar nasu, sa'an nan su miƙa yaro ga malamin allo, ko maigidan kanikanci, ko dangin miji, alhali bai gama nuna ba. Ba gazawa ba ce, haka tsarin yake: akwai abin da ba ya kammala sai a hannu na biyu. Yaron kuma yakan iso a dagule. Baƙon wuri ne, kewar gida na damunsa, maganarsa ba ta fita daidai. Mai gaggawa yakan yanke masa hukunci a makon farko, ya ce wannan ba shi da kai. Mai haƙuri yakan ba shi mazauni, ya bar shi ya natsu, don ya san abin da ya gani a ranar isowa aikin hanya ne.

Sai zancen ƙusa. Akwai shekarun da yaro ke tashi, tambaya ba ta ƙare masa, gardama na cinsa, ƙarfi ya yi masa yawa. Wanda ya toshe shi a wannan lokaci da tsawa da bulala bai kawar da komai ba, ya dai tara shi ne a ciki, ranar da ya sami kafa kuwa har abin da ya daɗe da kwantawa sai ya taso. Akwai kuma lokacin da ya kamata a ce masa ya isa, a kafa masa iyaka, a koya masa riƙe baki da riƙe sirri da tsayawa kan aiki guda. Wanda aka bari sakaka har wannan lokaci ya wuce yakan girma ba abin da ya taru a cikinsa, duk abin da ya shiga ya fice. Iyaye da malamai da yawa ƙusa ɗaya suka mallaka. Wani tsanani kawai ya iya, wani sassauci kawai, kowanne kuma yana kafa hujja da yaron da hanyarsa ta yi wa daidai, ya manta da waɗanda ta ɓata. Riƙe biyun ya fi wuya, saboda yana bukatar a sauko a duba kullum, kuma 'ya'yan ciki ɗaya ma ba rana ɗaya suke lafawa ba. Ko wanda ya natsu, in ana son ya ba da abin da ke cikinsa, sai an sassauta masa. Almajirin da bai taɓa samun izinin yin magana a gaban malaminsa ba, ba za a san abin da ya sani ba.

Idan masu riƙo suka yawaita sakaci, jama'a takan koma hanyar tulu. A rubuta wa ma'aikaci kowane taki don kada ya yi tunani, a sa ɗalibi ya haddace amsa don kada ya yi kuskure, a fi son yaron da ba ya tambaya don ba ya ba da wahala. Akwai uzuri a ciki, domin wanda aka taɓa cin amanarsa ba a ganin laifinsa in ya nemi abin da ba ya bukatar amana. Amma mutumin da aka tace haka yakan tsaya inda aka bar shi. Shekara ashirin a kan kujera ɗaya, yadda ya shiga haka zai fita, ranar da kuma aka zo da matsalar da ba ta cikin takarda sai ya rasa abin yi.

A jikin famfon mashaya sunan mai dafawa ake liƙawa, na mai kula da ɗakin ƙasa ba ya ko'ina. In abin ya yi kyau a yabi kamfani, in ya ɓaci ma kamfanin ake zagi. Don haka ne a 1998 masu sana'ar suka kafa wata hukuma mai suna Cask Marque, wadda masu bincikenta ke shiga mashaya ba sanarwa, su auna sanyi, su duba tsabtar abin da ake zubawa. Masu dafawa sun gane cewa mutuncinsu yana kwance a ɗakin da ba su da mabuɗinsa. Haka nan idan saurayi ya yi abin kunya a unguwa, tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne, ko da ya shekara bakwai yana wuni a garejin wani. Uban da zai kai ɗansa koyon sana'a yakan tambayi kuɗin sallama da shekarun da za a yi. Kaɗan ne ke neman yaran da suka riga suka fita daga hannun maigidan, su zauna da su, su ji yadda suke magana da yadda suke riƙe kayan aiki, kafin su miƙa nasu.