Waye Ya Saya a Cinikin da Kowa Ya Yarda?

Idan farashi ya tashi a kasuwar hannayen jari ta New York, masu labarai sukan ce masu saye sun rinjayi masu sayarwa. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta zauna ba. Duk hannun jarin da wani ya saya, ai wani ne ya sayar masa. To ina rinjayen ya fito?

Masana kasuwa ba yawan mutane suke ƙirgawa ba, ƙosawa suke nema. A ɗauka wani ya taya hannun jari dala 50, mai shi kuma ya ce sai 50 da santi 10. Kowa ya kafe. Ciniki ba zai faɗa ba sai ɗaya ya gaji da jira ya bi farashin ɗayan, kuma sunan wannan mai gaggawar ake liƙa wa cinikin.

Sai dai rajistar kasuwa farashi da lokaci take nunawa, ba zuciya ba. A 1991 Charles Lee da Mark Ready suka fito da dabarar hasashe: a duba tsakiyar tayi da abin da mai kaya ya nema. Cinikin da ya faɗa sama da tsakiya saye ne, na ƙasa sayarwa. In ya sauka daidai tsakiya, sai a waiwayi farashin baya: hauhawa saye, sauka sayarwa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da taɓa gefen tambayar wa ya tayar da ciniki, a bahasin ijabi da ƙabuli. Malikawa, Shafi'awa da Hambalawa sun ce ijabi maganar mai mallakar kaya ce, ko da ta zo daga baya. Hanafawa suka ce a'a, duk wanda ya fara furuci shi ya yi ijabi, mai saye ne ko mai sayarwa. Kasuwar zamani ta ɗauki hanya ta uku, wadda ta fi ban mamaki: wanda ya fara magana ya zauna yana jira, ba a kallonsa a matsayin mai tayar da ciniki. Wanda ya zo ƙarshe ya ce ya amince, shi ake ɗora wa aikin. Fiƙihu yana tambayar yadda yarda ta ƙullu. Kasuwa tana tambayar wa ya biya kuɗin rashin haƙuri, domin wancan ɗan santin da ke tsakani daga aljihunsa yake fita.

Karanta niyya daga lamba kuwa ba ya rasa tuntuɓe. A shekarar 2000 Elizabeth Odders-White ta gwada dabarar Lee da Ready da ainihin bayanan odar kasuwar New York, ta tarar tana dacewa a kusan kashi 85 cikin 100. Kurakuran sun fi taruwa a cinikin da ya sauka daidai tsakiya, inda kowane ɓangare ya ɗan sassauta.